A bar mana bakan gizon Babban Gwani

Assalamu alaikum Edita. Don Allah a ɗan sam min fili in yi magana kan Masallacin Juma'a na birnin Zariya da ke ƙofar fada, wanda wani sashensa ya rufta ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023 ana tsaka da sallar La'asar. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba iyalansu haƙuri.

Tun daga ranar sai ka ji wasu na cewa ai laifin ginin ƙasa ne, wai duk irin waɗannan tsofaffin gine-gine a rushe su kawai a zuba kankare da tayil kowa ya huta. Ni dai gaskiya ban yarda ba. Masallacin nan tun shekarun 1830 aka gina shi zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya yi aikin, ba siminti ba rodi, tubali ne da azara, kuma ya kusa shekara 190 yana tsaye, to fisabilillahi cikin benayen da ake yi mana yanzu wanne ne zai kai haka?

Duk wanda ya taɓa sallah a ciki ya ɗaga kai ya san abin da nake nufi. Ginshiƙai ne masu kauri da zane a jikinsu, bakan gizo ya taso daga cikinsu, an jera azara guntu-guntu kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta ana ɗaurewa ana yaɓewa har suka haɗe a sama suka ɗauki tulluwa. Ko a zafin watan Afrilu in ka shiga sai ka ji sanyi, ba fanka ba komai. A shekarun 1970 ma da aka yi sabon gini ba a rushe shi ba, lulluɓe shi aka yi. Kuma abin kunya wlh, wani Bature ɗan ƙasar Folan, Dmochowski, shi ya zo ya auna shi lungu-lungu, har aka gina kwafinsa a gidan tarihi na Jos, mu da ke da abin muna wucewa ko kallo babu.

Ginin ƙasa kulawa yake so duk shekara, a yi yaɓe kafin damina, a duba inda ruwa ke kwanciya, a duba ko gara ta ci azara. Masu wannan sana'a kuma tsufa suke, 'ya'yansu sun koma buga bulo da acaɓa saboda ba mai kiransu aiki.

Roƙona ga masarauta da masu ba da gudummawar gyaran masallacin, duk abin da ya saura na aikin Babban Gwani a adana shi, a zaunar da Sarkin Magina da mutanensa tare da injiniyoyi da malaman zanen gini na Jami'ar Ahmadu Bello (ABU), ba sai an gama yanke shawara a kira su shan lemo ba. Sannan a ware kuɗin gyaran shekara-shekara daban, a ɗauki yara ko goma ne su koyi ɗaurin azara a hannun dattawan.

Naku,
Mai karatu daga Tudun Wada, Zariya