Godiya ga ofishin CDD-Ghana da Farfesa Gyimah-Boadi

Assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe Farfesa, da ku shugabanni da ma'aikatan Cibiyar Bunƙasa Dimokuraɗiyya ta Ghana, wato CDD-Ghana, muna gaishe ku da aiki. Mun zaɓi mu buga wannan godiya a fili, kuma da Hausa, domin 'yan'uwanmu na Nima da Maamobi da Sabon Zongo da Fadama, har da na Aboabo da Asawase a Kumasi, su san irin aikin da muke yabawa.

Farfesa Emmanuel Gyimah-Boadi malamin kimiyyar siyasa ne. Ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis a Amurka, ya dawo ya yi shekaru yana koyarwa a Jami'ar Ghana da ke Legon. A 1998 yana cikin waɗanda suka kafa CDD-Ghana, ya kuma jagorance ta har Farfesa Kwasi Prempeh ya karɓa a 2018. A 1999 shi da Michael Bratton da Robert Mattes suka kafa Afrobarometer, shirin jin ra'ayin jama'a da ya fara da ƙasashe 12, yanzu ya haura 30, hedikwatarsa kuma tana nan Accra. Littafin da su ukun suka fitar a 2005 a kan ra'ayin jama'a da dimokuraɗiyya da gyaran tattalin arziki har yau ɗaliban siyasar Afirka ba su raba shi da jaka. Amma ba tarin takardu ne ya sa muka ɗauki alƙalami ba. Abin da ya sa shi ne yadda kuke zaɓen wanda za ku tambaya.

Duk wanda ya girma a Zongo ya saba da masu magana da yawunsa. Lokacin zaɓe na ƙaratowa sai ka ji ɗan siyasa a rediyo yana cewa Zongo ta ce kaza, alhali iyakarsa ya zauna da mutum goma a zauren mai unguwa. Ku kuwa aikinku irin na mai sayen masara ne a kasuwar Nima ranar Laraba: ba ya yarda da wadda aka zuba a bakin buhu, sai ya zura hannu har tsakiya.

Ga yadda abin yake. A binciken Afrobarometer na Ghana ana tambayar mutum 2,400, 'yan ƙasa masu shekara 18 zuwa sama. Ana raba adadin a kan jihohi 16 gwargwadon yawan mutanensu a ƙidayar Hukumar Ƙididdiga, birni daban, ƙauye daban. Daga nan kwamfuta ta zaɓi ƙananan yankunan ƙidaya ta hanyar ƙuri'a, a yi hira takwas a kowanne, wato yankuna 300 ke nan. Mutum huɗu ne ke shiga unguwa tare da mai duba aikinsu. Su tsaya a wuri guda da aka zaɓa a taswira, ɗaya ya nufi inda rana take, ɗaya ya ba ta baya, sauran biyun su yi dama da hagu. Kowa ya ƙirga gidaje, ya shiga na biyar, hira ta biyu kuma sai ya ƙirga goma. Idan wannan hira da namiji ce, ta gaba da mace ce, babu sauyi.

A nan Zongo take gwada haƙurin ma'aikaci. Ƙofa ɗaya ce a lungu, amma da ka shiga sai ka tarar da ɗakuna goma sha biyar kewaye da tsakar gida, kowane da murhunsa. A tsarinku gida shi ne mutanen da ke ci daga tukunya ɗaya, don haka tukwane ake ƙirgawa, ba ƙofofi ba. Ma'aikacin da ya yi ƙyuya ya ƙirga ƙofofin waje kawai, zai riƙa faɗawa hannun masu gidajen, 'yan haya su ɓace daga lissafi, su ne kuwa suka fi yawa. Bayan an sami gidan sai a rubuta manyan da ke ciki na jinsin da ake nema, ƙuri'a ta fitar da ɗaya. Sau da yawa ta faɗa kan matar da ta fita tun asuba da tukunyar waakye ko koko da ƙosai, maigida kuma ya gyara zama ya ce ai ni zan amsa mata, ra'ayinmu ɗaya. Ba a karɓar wannan. Ana ba shi haƙuri, a sake dawowa da yamma. Idan ba a same ta ba, a canza gidan gaba ɗaya, ba a canza mutum a cikin gida. Dalili a fili yake: in aka riƙa ɗaukar wanda aka tarar a zaune, sakamakon zai zama na tsofaffi da marasa aiki.

Akwai kuma tambayar zama ɗan ƙasa, wadda a wajenmu ba ƙaramar magana ba ce. Dattawa ba su manta da dokar korar baƙi ta 1969 a zamanin Firayim Minista Busia ba, shi ya sa baƙo mai riƙe da kwamfutar hannu in ya fara da wannan tambaya, wasu ƙofofin sukan rufe. Ma'aikatanku sukan bayyana tun a bakin ƙofa cewa ba gwamnati ko wata jam'iyya ce ta aiko su ba, kuma ba za a alaƙanta amsar da sunan kowa ba. Abin da ya fi burge mu shi ne tambayar ƙarshe, inda ake ce wa mutum, wa kake tsammanin ya aiko mu? Da ita mai nazari zai gane ko tsoro ya shiga cikin amsoshin.

Tambayoyin talauci ma ba na yaudara ba ne. Ba a tambayar albashi, don mai tura baro ko mai sayar da goro ba shi da shi. Ana tambaya ne, a shekarar da ta wuce sau nawa kai ko wani a gidanka ya rasa isasshen abinci, ko ruwa mai tsabta, ko magani, ko abin hura wutar girki, ko kuɗin shiga. Wannan kowace uwa a Maamobi ta san amsarsa ba tare da dogon tunani ba.

Muna kuma gode muku a kan CODEO, gamayyar masu sa ido a zaɓe da aka kafa a 2000, wadda ofishinku ke riƙe da sakatariyarta. Tun 2008 take tura mutane zuwa rumfunan da aka zaɓa da ƙuri'a, su kwafi adadin da aka sanar a rumfar, su aika ta saƙon waya, a haɗa a kwatanta da na Hukumar Zaɓe. A zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa na shekarar ne tazarar da ke tsakanin Atta Mills da Akufo-Addo ta kasance ƙuri'a dubu arba'in da 'yan kai, bayan mazaɓar Tain ta yi nata zaɓen a Janairun 2009. A irin wannan dare, samarin da ke shan shayi a bakin titi suna jiran labari suna buƙatar lissafin da ba na jam'iyya ba.

Roƙonmu biyu ne. Mutum 2,400 suna ba da kuskuren kashi 2 cikin ɗari sama ko ƙasa ga ƙasa baki ɗaya, amma Musulmi wajen kashi 20 ne a ƙidayar 2021, wato mutum 480 ko kusa a cikin samfurin, kuskurensu ya haura kashi 4, mazauna Zongo kuwa ba su ma kai 480 ɗin ba. Idan mutum ɗari ne kacal, kuskuren ya kusa kashi 10. Saboda haka duk wanda ya ɗauko alƙalumanku ya ce ga ra'ayin Nima, ya ɗora musu kayan da ba za su iya ɗauka ba. Muna so wata shekara a ware bincike na unguwannin Zongo zalla, musamman a kan aikin Asusun Raya Zongo da aka kafa da doka a 2017. Na biyu, idan sakamako ya fito, a taimaka a turo wanda zai yi bayaninsa da Hausa a gidajen rediyon unguwa, da alƙaluma kaɗan da misalai da yawa. Malaman da za su taya fassara suna nan a shirye.

Allah ya ƙara wa Farfesa lafiya da nisan kwana, ya kuma kiyaye ma'aikatanku a hanya.

Wassalam.

Daga wasu malaman makaranta da masu aikin ƙidaya na Nima da Maamobi, Accra.