Kun zalunci David Wilson a shirinku na Asabar

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Abin da mai gabatar da shirinku na wasanni ya faɗa ranar Asabar a kan David Wilson, tsohon mai gudu da ƙwallo na ƙungiyar New York Giants, ba gaskiya ba ne, kuma ina roƙon a gyara shi a cikin shirin, da bakin wanda ya faɗa. Ya ce zubar da ƙwallo ce ta kashe wa yaron nan sana'a. Bai tsaya nan ba, ya ɗora da cewa duk sabon mai gudu da ƙwallo da ta suɓuce masa a wasansa na farko a NFL, babbar gasar ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, kocin kirki sai ya ajiye shi a benci ya manta da shi. Haba, Malam! Ciwon wuya ne ya raba Wilson da fili. A watan Oktoban 2013 ya ji rauni a wasa da Philadelphia, likitoci suka gano hanyar lakarsa a matse take, aka yi masa aiki a farkon 2014, ya dawo atisaye, wuyan ya sake taɓuwa, suka ce ya haƙura. A watan Agustan 2014 ya ajiye wasa yana da shekara 23. Ina zubar da ƙwallo a cikin wannan?

Na san inda ya samo zancen. Ranar 5 ga Satumba 2012, New York Giants da Dallas, wasan buɗe kaka. Wilson shi ne na 32 a zaɓen sabbin 'yan wasa na shekarar, ya fito daga jami'ar Virginia Tech inda ya ci yadi 1,709 a kakarsa ta ƙarshe. A karo na biyu da aka miƙa masa ƙwallo, Sean Lee na Dallas ya buge shi ta fita, Dallas suka ɗauke. Kocin Giants Tom Coughlin ya zaunar da shi, kyamara ta nuno shi a gefen fili kamar mai share hawaye, Giants suka sha kashi 24 da 17. Iyakar abin da mai shirinku ya kawo ke nan. Sauran kakar kuma ya haɗiye ta. Bai gaya wa masu sauraro cewa ƙwallo ba ta sake kuɓuce wa Wilson ba har kakar ta ƙare. Bai faɗi cewa sau 71 kacal aka ba shi ya gudu da ita, ya ci yadi 358, wato yadi 5 a kowane ɗauka, a wasan da ake ba ka dama huɗu ka ci yadi 10. Bai faɗi ranar 9 ga Disamba ba, ranar da ya tara yadi 327 a kan New Orleans shi kaɗai, har da dawo da bugun farawa yadi 97 zuwa gidan ƙarshe, wato ƙarshen fili inda ake cin maki, Giants suka ci 52 da 27. Ƙungiyar ta gama da nasara 9 da faɗuwa 7, ta rasa gurbin wasannin fitar da gwani da ƙyar, alhali mafi saurin 'yan wasanta ya yi wata uku da ƙyar ake miƙa masa ƙwallo ya gudu da ita. Wannan ita ce hikimar da ake son mu yaba?

Kada a ce ina raina laifin. A wasa guda ƙungiya takan riƙe ƙwallo sau 10 zuwa 12 ne kawai, don haka wanda ya zubar da ɗaya ya ƙona wa mutanensa dama, ya kuma miƙa wa abokan karawa gajeriyar hanya. Kuma a wasan farko na 2013, da Dallas ɗin dai, Wilson ya zubar har sau biyu, ɗaya Barry Church na Dallas ya ɗauka ya kai ta gida. Wannan a kansa yake, ba mai wanke shi. Amma ranar ƙungiyar gaba ɗaya sau 6 ta ba da ƙwallo, uku daga ciki jifan Eli Manning, mai jifan Giants, ne aka cafke, ban kuma ji mai shirinku ya ce a jefar da Manning ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yana magana a kan zubar da ƙwallo kamar wani baƙin jini ne da ake haifar mutum da shi. Aikin hannu ne, yana da sassa, ana koyar da shi kamar yadda ake koya wa yaron makanike riƙon sifana. Ƙwallon nan fata ce mai tsini biyu, tsawonta kamar inci 11, nauyinta giram 400 da 'yan kai. Wuri biyar ake matse ta: yatsu su rufe tsinin gaba, tafin hannu ya kama gefe, damtsen gaba ya kwanta a jikinta, tsinin baya ya shige tsakanin ƙwanji da hamata, sannan a manna ta da ƙirji. Wuyan hannu ya kasance sama da gwiwar hannu, gwiwar kuma a liƙe da haƙarƙari. Da zarar gwiwar hannu ta buɗe, ko da faɗin tafi ɗaya ne, an bar ƙofa ta baya, wanda ya biyo ka sai ya naushe ta daga ƙasa ta yi sama. Yara masu sauri irin Wilson su ne suka fi faɗa wa wannan, domin sun saba wurga hannu biyu kamar masu tseren mita 100 (shi har ɗan tsallen taku uku ne a jami'a), hannun da ke riƙe da ƙwallo sai ya riƙa lilo yana barin jiki. A jami'a ba a cika hukunta ka ba, don waɗanda ke bin ka ba sa cim maka. A NFL kuwa akwai irin su Charles Tillman na Chicago, wanda ya mai da naushin ƙwallo sana'a: sau 44 ya fitar da ita daga hannun mutane a rayuwarsa ta wasa, 10 a kakar 2012 kaɗai, 4 daga ciki a wasa guda da Tennessee.

Sauran ƙa'idojin ma a bayyane suke. In kana gudu ta dama, ƙwallo tana hannun dama, ɓangaren layin gefe, don in ta faɗi ta gangara waje ta zauna a hannunku, hannun ciki kuma ya zama na ture mai tare ka. Ba a sauya hannu a cikin cunkoso. In za ka kutsa tsakanin ƙarti, ɗaya hannun ya rufe tsinin sama. In mutum biyu sun tsayar da kai cak, ka sauka ƙasa, domin na farko riƙe ka yake yi na biyu ya zo ya fizge. Yawancin masu taurin kai wajen neman ƙarin yadi ɗaya a nan suke asara. Kuma ba a miƙa hannu da ƙwallo a bakin gidan ƙarshe sai in dama ta huɗu ce, saboda in ta suɓuce ta bi ta gidan ta fita waje, doka ta ba abokan karawa ita a layin yadi 20. Wajen karɓa daga hannun mai jifa, gwiwar hannun da ke kusa da shi ce a sama, ɗaya hannun a ƙasa daidai cibiya, ido a kan ramin da za ka bi. Wanda ya kai hannu zai cafka, ko ya kalli ƙwallon, shi ke jawo matsala. Ruwan sama, rigar dogon hannu mai santsi, gajiyar zango na huɗu, duk suna ƙara wa abin.

To wane ne ya fi kowa sanin cewa ana gyara wannan? Coughlin ɗin da kansa. Tiki Barber, mai gudu da ƙwallo na Giants, ya zubar da ƙwallo sau 35 tsakanin 2000 da 2003, yana riƙe ta ƙasa-ƙasa wajen ƙugu. Coughlin ya zo a 2004, shi da mai horar da masu gudu Jerald Ingram suka sa ya ɗaga ta zuwa ƙirji, tsini yana kallon haɓa. A shekara uku da suka biyo baya sau 9 ta faɗi gaba ɗaya, a 2005 sau ɗaya tak, kuma a shekarar ya ci yadi 1,860. Mutumin da ya kusa shekara 30 ke nan, hannunsa ya riga ya saba da kuskure, aka gyara shi a rani ɗaya. Ina ga ɗan shekara 21? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, benci kuwa ba ya tanƙwara komai. Adrian Peterson na Minnesota ma haka: ya zubar sau 9 a 2008, 7 a 2009, ya sake zubarwa a wasan da New Orleans suka hana Minnesota zuwa Super Bowl, wasan ƙarshe na cin kofi, mutane suka yi ta surutu. A 2010 sau ɗaya ta faɗi. A 2012 ya ci yadi 2,097 aka ba shi gwarzon shekara. Da an bi shawarar mai shirinku da tuni an sallame shi.

In ana son a auna sabon shiga da adalci, da farko a daina ƙirga "waɗanda aka ƙwace" kawai. Ƙwallo mai tsini in ta faɗi ba ta da alƙibla, kusan rabi da rabi ne wanda zai same ta. Yaro biyu za su zubar sau huɗu-huɗu, ɗaya abokansa su tsince uku a ce da shi amintacce, ɗayan a ƙwace uku a ce da shi mai hannun kuturu, alhali hannunsu ɗaya. A ƙirga duk wadda ta taɓa ƙasa, a raba da yawan taɓawarsa, gudu da cafka da dawo da bugu duka. Eric Dickerson a shekararsa ta farko, 1983, ya zubar sau 13, amma sau 390 aka miƙa masa, ya ci yadi 1,808, kuma har yau ba sabon shigar da ya kamo shi. Na yarda zamaninsu an fi zubarwa, amma ƙungiyarsa ta Rams ba su ce ya je ya zauna ba, a shekara ta biyu ya ci 2,105. Bayan lissafi sai a zauna a kalli faifan kowace ɗaya a hankali. Wadda hular kwano ta daki ƙwallon kai tsaye, wannan ko wa aka yi wa za ta fita, ba a ɗora wa yaro. Wadda ta lalace wajen miƙawa, a littafin ƙididdiga ma galibi mai jifa ake rubuta wa. Wadda ya kamata ta tayar da hankali ita ce wadda ake ganin hasken fili tsakanin ƙwallo da ƙirjinsa, musamman in a duk gudunsa haka yake riƙewa, har a waɗanda bai zubar ba. Wannan ce alamar cuta, kuma ita ce mai magani: jiƙaƙƙiyar ƙwallo a atisaye, gudu tsakanin layi biyu na mutane suna kai mata duka, safar dambe a kan sanda ana nausa daga baya, kullum, har hannu ya haddace.

A ɗaya gefen ma'aunin kuma akwai abin da ba kocin da ke iya koyarwa. Ganin rami kafin ya buɗe, taka ƙafa ɗaya a karya kwana ba tare da rage gudu ba, tsayawa da ƙafa bayan an buge ka. Wanda yake da waɗannan yana zubarwa sau ɗaya a taɓawa 60, ka riƙe shi ka gyara hannun. Wanda ba shi da su, ko bai taɓa zubarwa ba, yadi uku zai riƙa kawo maka har ya tsufa. Da mai shirinku ya ce Wilson bai iya tare masu kawo wa mai jifa hari ba, shi ya sa Coughlin ya fi sakin jiki da Ahmad Bradshaw, da na yi shiru, don wannan hujja ce ta gaske, kuma ita ke hana sabbin shiga da yawa fili. Bai ko ambace ta ba.

Bari mai shirinku ya je ya duba 7 ga Satumba 2017. Kareem Hunt na Kansas City, wanda aka ɗauka a zagaye na uku na zaɓen sabbin 'yan wasa daga jami'ar Toledo, bai taɓa barin abokan karawa sun ƙwace masa ƙwallo ba duk zamansa na jami'a. Ɗaukarsa ta farko a NFL, a gidan New England masu riƙe da kofi, ta suɓuce aka ɗauke. Da ƙwallo ta dawo hannun Kansas City, kocinsu Andy Reid shi ya sa aka sake miƙa wa. Ya tashi da yadi 246 da ci uku, suka yi nasara 42 da 27, ya gama kakar a saman kowa da yadi 1,327. Laifinsa da na Wilson iri ɗaya ne, a dare iri ɗaya, a gaban duniya. Koci ne ya bambanta.

Sannan don Allah, Malam Edita, a yi wani abu a kan kiɗan da kuke sakawa a ƙarƙashin sakamakon Firimiya. Ya fi muryar mai karantawa ƙarfi, a ƙaramar rediyo ba a jin ko ci nawa aka yi. Kuma tunda kuka matsar da shirin, rabinsa na ƙarshe yana faɗawa daidai kiran sallar magariba, mutum ya dawo daga masallaci ya tarar ana sallama. A mai da shi lokacinsa na da.

Ina jiran gyaran maganar Wilson ranar Asabar mai zuwa, a kuma ambaci wuyan.

Wassalam.
Mai sauraronku, daga Zariya.