A fito da 'yar tsanar koyon ceton rai daga sito

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Damina ta kankama, kuma kamar kowace shekara an fara jin labarin yaran da 'yan kwana-kwana ke tsamowa daga kududdufi. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake yi da yaron bayan an fito da shi. Wannan ya kife shi ƙafa sama, wancan ya matsa masa ciki wai ruwa ya fita, sauran jama'a sun yi cincirindo ana salati. Kafin a samu abin hawa lokaci ya ƙure, alhali ƙwaƙwalwa ba ta jure rashin iska sai na 'yan mintoci.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, na yi ritaya. Ban manta ranar da malamarmu ta shimfiɗa mana 'yar tsanar koyon farfaɗo da mutum a ƙasa ba. Darasin na haddace shi tsaf: a danna tsakiyar ƙirji sau 30, a hura numfashi sau 2, dannawa 100 zuwa 120 a minti ɗaya, zurfin santimita 5 zuwa 6 ga babba. Da na durƙusa sai na kama lallaɓa ta. Malama ta ce, "Ke, tausa aka sa ki?" Na hura, ƙirji ya ƙi tashi, ashe ban ɗaga haɓar ba, iskar ba ta da hanya. Kafin minti 2 hannuwana sun mutu, gumi ya jiƙa mini riga. Da a kan mai rai na yi wannan kuskuren, da sai dai wani labarin.

Wanda ya fara ƙera irin wannan 'yar tsana, Asmund Laerdal, mai sana'ar kayan wasan yara ne a garin Stavanger na ƙasar Norway, kuma shi ma ya taɓa ceto ƙaramin ɗansa daga nutsewa. A 1960 ya fito da ita da sunan Resusci Anne. Fuskar da ya sa mata ta wata budurwa ce da aka ce an tsamo gawarta daga kogin Seine a Paris a ƙarshen ƙarni na 19, har yau ba a san sunanta ba. Daga baya kamfanin ya yi ta jarirai, NeoNatalie, wadda ake cika ta da ruwa ta yi nauyin sabon haihuwa. Da ita ake horar da ungozomomi a shirin Helping Babies Breathe, na taimaka wa jarirai su yi numfashi, da aka ƙaddamar a 2010. A asibitocin Tanzaniya da aka gwada shi, mutuwar jarirai a ranar farko ta ragu da kashi 47 cikin 100.

To mu fa? Akwai wata makarantar koyon aikin lafiya da na taɓa zuwa koyarwa. Tana da irin wannan 'yar tsana, amma tana kulle a sito cikin akwatinta, makulli na aljihun mutum ɗaya. Ba ta ganin rana sai masu tantancewa za su zo, a kakkaɓe ta a ɗora a tebur. Wai tsoron kada ɗalibai su lalata ta. Har wani ya taɓa ce mini gunki ce. Na ce masa ban ga mai yi mata sujada ba, kayan aiki ce kamar allura.

Roƙona a fito da irin waɗannan 'yan tsana, a kai su inda hatsarin yake: wajen 'yan agajin masallatai, direbobi a tasha, masu kwale-kwale a bakin kogi irin na Yauri, da makarantun sakandare. Guda ɗaya za ta ishi unguwa in ana karɓa-karɓa, a riƙa goge bakin da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta bayan kowane mutum.

Ku kuma, don Allah ku tura wakilinku makarantun lafiya da ke kusa da ku, ya tambaya guda nawa suke da su, kuma yaushe rabon da ɗalibi ya durƙusa a kan ɗaya. Ya ce a buɗe masa akwatin ya gani.

Taku,
Wata ma'aikaciyar jinya mai ritaya, Kano