Masu makarantu da kamfanonin Kano su nemi lauya tun sammaci bai iso ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini domin in ja hankalin masu makarantu masu zaman kansu da masu masana'antu da manyan shaguna na birnin Kano kan wata ɗabi'a da na daɗe ina gani a aikina na kula da lissafin kuɗi da takardun ma'aikata. Galibinsu ba sa tunawa da lauya sai ranar da ma'aikacin kotu ya miƙo musu sammaci, alhali akwai lauyoyi a garin nan waɗanda aikinsu shi ne ba masu ɗaukar ma'aikata da hukumomin makarantu shawara kan dokokin ƙwadago da na ilimi tun rigima ba ta taso ba. Shawarar da ake samu kafin a ɗauki mutum aiki ta fi araha nesa ba kusa ba a kan shari'ar da ake yi bayan an kore shi.

Tushen matsalar shi ne ɗaukar aiki da fatar baki. Daga masana'antun Sharada da Bompai da Challawa har zuwa ƙananan makarantun da ke lungunan Kurna da Ɗorayi da Hotoro, abin da aka saba shi ne wani amintacce ya kawo mutum, a ce masa ya fara gobe, a faɗa masa albashi a tsaye, shi ke nan. Ana kiran wannan amana, kuma ban raina amana ba, amma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu, kuma albashin da aka yi wa aiki ba a biya ba bashi ne. Dokar ƙasa ma haka ta ce. Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci rubutacciyar takarda cikin wata uku da fara aiki, wadda ta fayyace irin aikin da albashi da sa'o'in aiki da hutu da yadda za a rabu idan rabuwa ta zo. Sashe na 11 kuwa ya tsara wa'adin sanarwa kafin sallama: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda bai kai shekara biyu ba, mako biyu ga wanda ke tsakanin shekara biyu da biyar, sai wata guda ga wanda ya shekara biyar ko fiye. Mace mai juna biyu tana da hutun mako shida kafin haihuwa da mako shida bayanta, da aƙalla rabin albashinta idan ta yi wata shida tana aikin. Sashe na 5 ya hana yankar albashi da sunan tara, abin da shugabannin makarantu da dama ke yi wa ma'aikacin da ya makara da safe, suna ganin horo ne halattacce.

Akwai wani lungu a cikin dokar da ya sa nake ganin makarantu sun fi kowa bukatar lauya. Ma'aikacin da Dokar Ƙwadago take nufi shi ne mai aikin ƙarfi ko aikin akawu. Ta cire masu gudanarwa da ƙwararru. Saboda haka mai gadi da direban motar 'yan makaranta da mai shara suna ƙarƙashin kariyarta kai tsaye, amma malamin aji da shugaban makaranta, abin da kotu za ta fara tambaya a kansu shi ne takardar ɗaukar aiki da littafin ƙa'idojin ma'aikata. Idan babu su, maganar wannan ce da ta wancan. A nan ne tsohuwar rigimar albashin dogon hutu take samun gindin zama: mai makaranta ya ce ba a karɓi kuɗin makaranta a watan Agusta ba don haka babu albashi, malami ya ce shi ba a sallame shi ba. Layi biyu a takarda, da kowa ya sa wa hannu tun ranar farko, sun isa su kashe wannan gardama.

Da yawa daga cikin iyayen gidanmu ba su lura cewa kotun ma ta sauya ba. Gyaran fuska na uku da aka yi wa Kundin Tsarin Mulki na 1999, wanda ya fara aiki a 2011, ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ikon sauraron duk wata shari'ar ƙwadago ita kaɗai, a ƙarƙashin sashe na 254C, kuma kotun tana da reshe a nan Kano. Wannan sashe ya ba ta damar duba ko an yi wa ma'aikaci rashin adalci da kuma yin la'akari da ƙa'idojin ƙwadago na duniya. Tsohon tunanin nan na cewa mai gida yana iya korar yaronsa da dalili ko babu dalili ba ya da ƙarfin da yake da shi a da. Wanda aka zarga da laifi, a ba shi takardar tuhuma, a saurari amsarsa, a rubuta abin da ya gudana. Wanda ya tsallake waɗannan matakai cikin fushi yana iya samun kansa yana biyan diyya ga mutumin da tabbas ya yi laifin.

Batun kuɗi kuma lissafi ne tsagwaronsa. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a watan Yulin 2024, kuma dokar ta hau kan duk wanda ke da ma'aikata 25 zuwa sama, ciki har da makarantu. Dokar Fansho ta 2014 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki kashi 10 cikin 100 na albashin ma'aikaci, shi ma'aikacin kuma kashi 8, kuma wanda ya cire kason ma'aikaci bai zuba shi a asusun fansho cikin kwana bakwai na aiki ba, tara tana hawa kansa duk wata. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta nemi kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a biya hukumar NSITF mai kula da asusun diyyar ma'aikata, domin ranar da inji ya cinye hannun wani a masana'anta ko motar makaranta ta yi hatsari. Na san makarantar da ke karɓar 'yan kuɗi kaɗan a unguwar talakawa za ta ce waɗannan alƙaluma sun fi ƙarfinta, kuma kukanta yana da tushe, amma gara ta san wanne ya shafe ta, wanne bai shafe ta ba, da ta zauna cikin duhu.

Makaranta tana da wani nauyi da kamfanin roba ko na fata ba shi da shi, wato 'ya'yan mutane. Kanawa ba su manta da abin da ya faru a watan Janairun 2022 ba, lokacin da aka gano kisan wata ɗaliba 'yar shekara biyar a hannun mai makarantarsu, har gwamnatin jiha ta janye lasisin dukkan makarantu masu zaman kansu domin a sake tantance su. Tun daga lokacin an samu Dokar Kare Yara ta Jihar Kano a 2023, an kuma samu Dokar Kare Bayanan Jama'a ta ƙasa a shekarar, wadda ta nemi izinin iyaye kafin a yi amfani da bayanan yaro. Makarantu nawa ne ke zuba hotunan ɗalibai a Facebook don talla ba tare da takardar izini ba? Su nawa ne suka rubuta wanda aka yarda ya ɗauki yaro bayan an tashi, ko matakan da za a bi kafin a kori ɗalibi, ko abin da za a yi idan an zargi malami da cin zarafi? Su nawa ne suka duba ko malamansu suna da rajista da hukumar rajistar malamai ta ƙasa, wato TRCN, kafin su ba su aji? Duk waɗannan aikin lauyan makaranta ne, kuma aiki ne na zama a ofis da biro.

Su ma lauyoyin ina da magana da su. Takardun da wasunsu ke ba makarantu an kwafo su ne daga intanet, da Turanci mai tsauri, wani lokaci ma da sharuɗɗan da aka tsara don Ingila ko Amurka, mai gadi ya dangwala yatsa bai san abin da ya amince da shi ba. Takardar da mai sa hannu bai fahimta ba tana rage wa mai makarantar kariya a gaban alƙali. Lauyan da ya san aikinsa zai shiga makarantar, ya ga rajistar zuwa aiki da takardar biyan albashi, ya fassara sharuɗɗan da Hausa, kuma ya iya gaya wa wanda ke biyansa cewa riƙe ainihin takardun shaidar karatun malami don kada ya gudu hanya ce ta jawo wa kai ƙara.

Ina kira ga ƙungiyar masu makarantu ta NAPPS reshen Kano da ta ɗauki lauyoyi na haɗin gwiwa, kowace makaranta ta ba da ɗan abin da za ta iya a kowane zangon karatu, ta yadda ƙarama za ta samu shawarar da babba ke samu. Ƙungiyar Lauyoyi reshen Kano da Tsangayar Shari'a ta Jami'ar Bayero suna iya tsara samfurin takardar ɗaukar aiki da Hausa da Turanci, ɗaya ta malamai, ɗaya ta sauran ma'aikata. Hukumar da ke kula da makarantu masu zaman kansu ta jiha kuma ta sa ganin waɗannan takardu cikin sharuɗɗan sabunta lasisi, kamar yadda take duba azuzuwa da banɗakuna.

Wassalam.

Naka mai karatu,
Wani akawun makarantu,
Gyaɗi-Gyaɗi, Kano.