Fuskokin da suka nutse a hotunan Sallah

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu domin in yi magana a kan hotunan Sallah da suka yi ta yawo a wayoyin mutanenmu na Aboabo da Asawase a makon jiya. Na ga dattawa sanye da farar shadda a filin idi, amma rigunan sun koma ruwan toka, fuskokin kuma sun dushe har sai mutum ya ƙura ido kafin ya gane ko wane ne. Wasu sun ɗora laifin a kan baƙar fatarmu, wasu kuma sun ce kyamarar ce mai arha. Ni da na daɗe ina cin abinci da ɗaukar hoto a nan Kumasi, ina ganin duk sun bar jaki suna dukan taiki.

Kowace kyamarar zamani tana da ma'aunin haske a cikinta, kuma an gina shi ne bisa zaton cewa duk abin da ke gabansa, idan aka gauraya haskensa da duhunsa, zai tashi ruwan toka matsakaici, wato launin da yake mayar da kusan kashi 18 cikin ɗari na hasken da ya sauka a kansa. Kyamara ba ta san babbar riga ba, balle ta san ranar idi. Idan ta hango sahu bayan sahu na fararen kaya a cikin ranar hantsi, sai ta ɗauka haske ya yi yawa ta rage shi, farin ya koma toka, fuskar da tun farko ta fi rigar duhu kuma ta nutse gaba ɗaya.

Maganin yana nan a jikin kyamarar, wani ɗan maɓalli ne mai alamar +/- wanda yawancin yaranmu ba su taɓa taɓawa ba. Ƙarin mataki ɗaya, wato +1, yana ninka hasken, ragin mataki ɗaya, wato -1, yana raba shi biyu, kuma yawancin kyamarori suna tafiya ne da sulusin mataki. A filin idi nakan fara da +1, sannan in duba aikin zaren da ke wuyan rigar. Muddin ina ganin zanen ɗinkin, to ina da sauran fili. Idan ya zama fari fat babu zane, na zarce, kuma abin da haske ya ƙone a hoton dijital babu manhajar da za ta dawo da shi. Ya kamata a sani cewa wannan maɓalli yana aiki ne idan an sa kyamara a tsarin P ko A ko S, inda take taimakawa wajen saita haske da kanta (kamfanin Canon yana rubuta A da S a matsayin Av da Tv), amma a tsarin M, inda mai ɗauka ke saita komai da hannu, ba ya canza hasken hoton sai in an bar ISO, wato ƙarfin karɓar hasken kyamara, yana sarrafa kansa.

Ranar Asabar, idan maƙwabtanmu Asante suka kira ni ɗaukar hoton zaman makoki, lissafin yakan juya. Baƙaƙen zannuwa da jajaye sun cika rumfa, kyamara ta ga duhu ta yi ta ƙara haske, baƙin zane ya fito kamar wanda ya sha wanki ya koɗe, goshin mutane kuma yana ƙyalli. A nan sai na sauko zuwa -1, wani lokaci ƙasa da haka.

Ni ma na taɓa faɗawa ramin. Wata shekara na taso daga idi kyamara tana kan +1, na wuce kai tsaye wurin wani taro a inuwar rumfa mai duhun bango, ban mayar da ita sifiri ba. Sai da dare na ga farar hular mai gidan ta narke babu ko ɗinki, na koma washegari ina ba da haƙuri.

Masu ɗauka da waya su ma ba a bar su a baya ba, domin idan suka taɓa fuskar mutum a allon, yawanci wata 'yar alamar rana takan fito wadda ake ja domin ƙara haske ko rage shi. Ina fata, Malam Edita, za ka tunatar da wakilanka wannan kafin Babbar Sallah, domin fararen rigunan nan za su sake cika fili.

Naka,
Wani mai ɗaukar hoto,
Aboabo, Kumasi