Wasiƙa Zuwa ga 'Yata da ke Karatu a Landan

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

'Yata, bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya kuma sanyin ƙasar bai matsa miki ba. Mu nan duk lafiya lau, sai kewarki. Ummanki ta ce kun samu hutun ƙarshen zango, kuma ke da ƙawayenki kuna shirin yawon kantuna a titin Oxford. Ban hana ba. Amma ina so ki ware wasu kwanaki ki shiga gidajen tarihin garin, musamman British Museum. Shiga kyauta ne, sai dai akwai akwatin gudummawa a bakin ƙofa, in kina da hali ki jefa wani abu. Daga tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Holborn 'yar tafiya ce a ƙafa.

Kada ki je da niyyar gamawa a rana ɗaya. Kayan da ke hannunsu sun kai wajen miliyan 8, abin da suka baje wa jama'a ɗan kaɗan ne daga ciki, amma ko shi ɗin ya fi ƙarfin yini guda. Wanda ya ce sai ya ga komai, da ciwon ƙafa zai fito, waya cike da hotuna, ba abin da ya zauna masa a kai. Ki zaɓi ɗaki biyu ko uku, ki tsaya a kansu, wata rana ki koma.

Babban abin da nake so ki riƙe shi ne 'yar takardar nan da suke ajiyewa a gefen kowane kaya. Yawancin mutane ba sa karanta ta. Ke ki karanta har layin ƙarshe, domin sau da yawa a nan ake faɗin yadda kayan ya shigo gidan: saye aka yi, kyauta aka bayar, ko a yaƙi aka kwaso. Gidan ma kansa da haka ya fara. A 1753 aka kafa shi da kayan wani likita, Hans Sloane, wanda ya tara abubuwa fiye da 71,000, kuma wani ɓangare na dukiyarsa daga gonakin rake na Jamaika ya fito, inda bayi suke aiki. Cikin kayan nasa akwai wata ganga irin ta mutanen Akan na ƙasar Gana ta yanzu, amma a Virginia ta Amurka aka samo ta. Ki tambayi kanki wace hanya ganga ta bi ta tsallake teku a wancan zamanin.

Ki fara da ɗaki na 25, ɗakin Afirka, a ƙasan bene. Can za ki tarar da allunan tagulla na masarautar Benin ta kudancin Najeriya an jera su sahu-sahu a jikin sanduna. Ki matsa kusa sosai. Za ki ga fadawa da murjani har wuya, da mayaƙa riƙe da takubba, da Turawan Fotugal masu dogon gashi yadda maƙeran Benin suka gan su shekaru ɗari huɗu ko biyar da suka wuce. Ki dubi gefen allunan, akwai ƙananan huji. Wurin ƙusa ne, inda aka kafe su a ginshiƙan fadar Oba, wato sarkin Benin. Da kakin zuma ake fara sassaƙa siffar, a lulluɓe ta da yumɓu, a gasa har kakin ya narke ya fita, sannan a zuba narkakkiyar tagulla a gurbinsa. Dole a fasa yumɓun kafin a fito da aikin, shi ya sa kowane allo ba shi da na biyu. Lokacin da na tsaya gabansu na daɗe ban motsa ba, alfahari da baƙin ciki suka taru mini wuri ɗaya. A watan Fabrairu na 1897 sojojin Ingila suka ci birnin Benin, suka kwashe dubban kayan fada, birnin ya ƙone, daga baya aka kai Oba Ovonramwen Kalaba, can ya rasu. Shekara shida bayan nan, a 1903, Kano da Sakkwato suka faɗa hannunsu. Don haka kada ki ɗauka labarin wasu ne can nesa.

Na san halinki, ranki zai ɓaci, kuma da gaskiyarki. Amma kada ki huce a kan mai gadin ɗakin, shi ma neman abincinsa yake. Abin da zai amfane ki shi ne ki san maganar da kyau, yadda in an tayar da ita a aji za ki yi ta da hujja. British Museum na riƙe da kayan Benin fiye da 900, kuma hujjar da suke kafawa ita ce wata dokar majalisa ta 1963 da ta hana su fitar da kaya daga gidan sai a wasu 'yan yanayi. Amma a 2022 gidan tarihi na Horniman, a kudancin Landan ɗin nan, ya miƙa wa Najeriya mallakar kaya 72, kuma a shekarar Jamus ma ta sa hannu kan mayar da nata. Ni a ganina kayan da aka kwasa da bindiga na masu shi ne, komai daɗewa, kuma doka mutane ne suka yi ta, suna iya gyara ta.

Sai dai ba na so fushi ya rufe miki ido ga ɗaya darasin. Ki lura da yadda suke tattalin kaya. Wata rana ki je gidan tarihi na Victoria and Albert a South Kensington, shi ma kyauta ne, ki nemi ɗakin kayan ƙasashen Musulmi. A tsakiyarsa an shimfiɗa dardumar Ardabil ta ƙasar Iran cikin wani ƙaton akwatin gilashi, tsawonta ya haura mita 10. A jikinta an saƙa shekarar 946 ta Hijira, wato wajen 1539 zuwa 1540, da sunan Maksud Kashani. Ba a barin fitila a kanta kullum, minti goma ake kunnawa duk bayan rabin sa'a, don kada haske ya kashe launin. Ki zauna ki jira a kunna. Mutanen da suke yi wa darduma lissafin haske da minti, dole mu koyi wani abu a wurinsu. Kin san gafakar kakanki da ke ɗakina, mai wa'azozin ajami da ya kwafa da hannunsa. Zafi da gara ba sa jiran kowa. In kin samu ma'aikacin da zai saurare ki, ki tambaye shi yadda ake ajiye tsohuwar takarda a ƙasa mai zafi da ƙura, da irin abin da ake naɗe ta a ciki, ki rubuto mini. Da gaske nake wannan.

In kin koma British Museum, dutsen Rosetta yana ɗaki na 4, kullum da cincirindo a gabansa. A garin Rashid na Masar sojojin Faransa suka same shi a 1799, Ingila ta karɓe shi bayan ta ci su da yaƙi, kuma da taimakonsa wani masani Bafaranshe, Champollion, ya warware rubutun Fir'aunoni a 1822. Ki gan shi ki wuce, domin kusa da shi akwai sassaƙen fadar Ninawa, garin Annabi Yunus, Alaihis Salam, inda aka zana sarki Ashurbanifal yana farautar zakuna. Allah Ya umarce mu a wurare da dama cikin Alƙur'ani mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda ƙarshen waɗanda suka gabace mu ya kasance. Sarkin da ya mallaki ƙasa daga Iraƙi har Masar, yau yara 'yan firamare ke wucewa ta gaban bangon fadarsa da jakunkuna a baya.

A sama akwai ɗakunan gawarwakin Misirawa. In kin shiga, ki tuna mutane ne, 'ya'yan wasu ne, iyayen wasu ne. Za ki ga ana dariya ana ɗaukar hoto da su. Ke kada ki yi. In zuciyarki ba ta kwanta ba, ki bar ɗakin, ba ki yi asarar komai ba.

Kuma kada girman gine-ginen ya sa ki raina kanki. A 1855 wani yaro Bahaushe daga ƙasar Damagaram, Dorugu, ya shiga Landan tare da Baturen nan Barth da aka sani a ƙasarmu da Abdulkarim. Ya kalli Turawa da abincinsu da al'adunsu da idonsa, ya ba da labari da Hausa aka rubuta. Ke ma haka nake so, ki kalla da idonki, ki yi hukunci da hankalinki.

Yanzu rana gajera ce a wurinku, azahar da la'asar da magariba suna bin juna kusa-kusa, don haka ki fita da alwala, ki tambayi ma'aikata inda za ki keɓe ki yi salla. Ki je da safe kafin taro ya yi yawa, ki sa takalmi marar tsini, jakarki kuma ta kasance a gabanki.

In kin je, kada ki turo mini hoton kaya shi kaɗai, ki haɗa da na takardar da ke gefensa in karanta da kaina. Ummanki na gaishe ki, ta ce ki duba ko kilishin da yajin sun iso. Ƙannenki ma suna gaisuwa. Allah Ya yi miki albarka, Ya ba ki sa'ar karatu, Ya dawo mana da ke lafiya.

Wassalam,
Mahaifinki