Wasiƙa kan hudar itatuwan dajin saman dutse

Abokina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali, ga amsar tambayarka kan lokacin da itatuwan dajin gajimare ke huda da 'ya'ya.

Kada ka dogara da ma'aunin ruwan sama kaɗai. A irin wannan daji gajimare kan sauko ya lulluɓe itatuwa, ganye da gansakuka su tsotse danshinsa, ruwa ya yi ta ɗiga ko a tsakiyar rani, ma'aunin kuwa yana nuna maka ba a yi ruwa ba. Ga sanyi: duk hawan mita 1,000 zafi kan ragu da kusan digiri 6, don haka itace iri ɗaya kan riga nuna a gindin dutse, na sama ya biyo baya. A Monteverde ta ƙasar Kosta Rika, tsuntsun ketzal kan yi sheƙa a saman dutse tsakanin Maris da Yuni, sannan ya gangaro yana bin 'ya'yan dangin fiyar daji. Gaba ɗaya yake haɗiye su, ya amayo ƙwallon.

Don ka gano lokacin a dajinka, ka zaɓi itace biyar zuwa goma daga kowane iri, ka liƙa musu lamba, ka rubuta tsayin wurin. Ka riƙa zagayawa duk mako biyu da madubin hangen nesa, da sassafe kafin gajimare ya rufe. Wata guda ya yi nisa, wata hudar kwana kaɗan take ta zube. Kowane itace ka ba shi maki daga 0 (babu ko kaɗan) zuwa 4 (ya cika) a kan toho, fure, ɗanyun 'ya'ya da nunannu, kowanne daban. Inda ido bai kai ba, ka kafa raga mai faɗin rabin murabba'in mita a ƙarƙashin itacen, ka ɗaga ta daga ƙasa saboda ɓeraye, ka riƙa kwashe abin da ya faɗo kafin ya ruɓe.

Inda aka fi yin tuntuɓe: wasu itatuwan, kamar Podocarpus, akwai namiji akwai mace. Ka yi shekara biyar kana jiran 'ya'yan namiji, a banza! Ɓaure kuma ba ruwansa da kalanda, kowanne da lokacinsa. Shekara ɗaya ma ba ta isa hukunci ba. Kurinji, wani tsiro na duwatsun kudancin Indiya, sai bayan shekara 12 yake fure, ya yi a 2006 da 2018, kuma da ya zubar da iri sai ya mutu.

In za ka tara iri don reno, kada ka shanya ƙwallon dangin fiya a rana, bushewa ke kashe shi. Ka wanke naman, ka shuka cikin 'yan kwanaki a inuwa.

Ka aiko min da bayanan wata ukun farko mu duba tare. Ka gaida mutanen gida.

Naka,
abokinka